Kamfanin da bai san da zamanka ba, wane goyon baya zai janye maka?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Kwamfuta za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, sai dai duk ɓarakar da aka gano a cikinta daga ranar, babu mai zuwa ya toshe, in ba ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi da kamfanin ya buɗe ba, wanda shi ma ga mutanen gida an yanka masa Oktoban 2026. Mai son hawa Windows 11 kuwa, sai kwamfutarsa tana da ɗan guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0, furosesarta kuma ta kasance daga zubi na takwas na Intel zuwa sama, ko takwarorinsa na AMD. Zubi na takwas a 2017 ya fara fitowa. To ka bi ta Beirut Road a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ka duba laftof na hannu da ake jibgewa a kan tebura. Zubi na huɗu ne, na shida, na bakwai, su HP da Dell da Lenovo da wani ofishi a Turai ko Amurka ya gama cin moriyarsu. Lafiyarsu ƙalau. A takarda dai, Microsoft ya riga ya sallame su.

Ni na daɗe da komawa Linux, wato babbar manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan kwamfutar da nake aiki da ita, kuma tambayar da aka fi yi mini ba ta canjawa: idan abu ya lalace, wa zai duba maka? Kamfanoni ba su damu da wannan abu naka ba, in ji su. Firinta ba za ta yi ba, sikana ba za ta yi ba, Corel ba ya hawa. Me ya kai ka?

Akwai gaskiya a cikin wannan magana, kuma ba na cikin masu ɓoye ta. Adobe bai taɓa fitar da Photoshop na Linux ba. Babu AutoCAD. Microsoft Office na ɗorawa a kwamfuta babu shi, sai wanda ake buɗewa a burauza. CorelDRAW na yau babu shi, kuma duk wanda ya san harkar ɗab'i a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi, domin mai katin biki da mai kalanda da mai fostar ɗan siyasa duk da fayil ɗin Corel suke magana da juna. Akwai Inkscape, manhaja ce mai kyau, tana ma iya buɗe wasu fayilolin Corel, amma launi kan gurɓace, rubutu kan zame daga inda aka ajiye shi, kuma mai injin bugawa ba zai tsaya sauraron bayaninka ba alhali mutum goma na jira a bayanka. Wanda abincinsa ke cikin Corel, ni ba zan ce ya bari ba. Haka mai shagon yi wa ɗalibai rajista, wanda na'urar ɗaukar hoton yatsa ita ce jarinsa, kuma manhajar da hukuma ta ba shi a kan Windows kaɗai take tashi. Wannan ko ya so canjawa, an riga an ɗaure masa hannu.

Dalilin kamfanonin ba ɓoyayye ba ne. Ƙididdigar StatCounter ta nuna sai a 2024 Linux ya haura kashi 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur da laftof a duniya, Windows kuwa yana riƙe da wajen kashi 70. Mai ƙera firinta zai ɗauki ma'aikata ya biya su su rubuta direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar, to dole ya duba inda kasuwa take. Mutane ba sa shiga saboda babu direba, kamfani ba ya rubuta direba saboda mutane ba su shiga ba. Shi kansa Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya fara rubuta zuciyar Linux yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki a 1991, haushin wannan hali ya taɓa cika shi har a 2012, a gaban taro a Jami'ar Aalto, ya ɗaga wa kamfanin Nvidia, mai ƙera ɓangaren da ke sarrafa hoto a kwamfuta, yatsan zagi a gaban kyamara. Sai da aka shekara goma bayan haka Nvidia ya fara buɗe wani ɓangare na direbobinsa.

Duk na yarda da wannan. Inda nake rabuwa da masu tambayar shi ne kalmar nan ta goyon bayan kamfani, da yadda muke faɗinta kamar wani abu ne da muke da shi a hannu muke tsoron rasawa. Mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa sayen lasisin Windows da kuɗinsu? Mutum nawa suka taɓa kiran Microsoft a waya aka amsa musu? Abin da ke faruwa shi ne ka sayi laftof na hannu, yaron shago ya zaro filash daga aljihu, ya yi mata fomatin, ya ɗora maka Windows da Office da Corel da Photoshop a zama ɗaya, ya kunna wata 'yar manhaja da za ta yaudari kwamfutar ta ɗauka an biya. Kafin ka tashi zai ja maka kunne: kada ka bari ta yi afdet, za ta cinye maka data, kuma za ta iya gano ba na asali ba ne. Wani ma shi zai kashe maka afdet ɗin da hannunsa, ya kashe maganin bairos na cikin Windows domin kada ya cinye abin da ya ɗora. Daga ranar ka fita daga lissafin kowane kamfani. Garantin laftof ɗin ya ƙare tun tana can ƙasar da ta baro. Manhajar da ta buɗe maka Photoshop kyauta ba ka san wanda ya rubuta ta ba, ba ka san abin da ya cusa a ciki ba, kuma ka ba ta izinin shiga ko'ina a kwamfutar da kake buɗe asusun bankinka da ita.

Abin da kashe afdet ke jawowa duniya ta gan shi a watan Mayun 2017, lokacin da WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su ɗora gyaran ba. Idan asibitin Ingila mai lasisi da ma'aikatan kula da kwamfuta ya faɗa, ina ga kwamfutar shagon buga takardu da aka toshe mata hanyar gyara tun ranar farko, kuma filash ɗari ke shiga cikinta a yini?

Saboda haka idan aka ce mini Linux ba shi da goyon bayan kamfani, sai in ce a gwada shi da abin da ke kan teburinmu a zahiri, kada a gwada shi da abin da ke kan teburin ma'aikacin banki a Landan. A kan teburinmu, zaɓin yana tsakanin Windows na jabu da ba ya karɓar gyara, da Linux na halal da yake karɓa. Ubuntu, wani nau'in Linux wanda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, yana ba da gyaran tsaro na shekara biyar kyauta a kan fitowarsa mai dogon zango, kuma ba ya tambayar ko furosesarka zubi na nawa ce. Linux Mint, wanda aka gina a kansa, ya fi kama da Windows a ido, shi nake fara nuna wa sabon shiga. Laftof mai RAM giga huɗu da Windows 10 ke sa ta nishi, idan aka ɗora mata Mint mai fuskar nan marar nauyi da ake kira Xfce sai ka ga ta miƙe. Afdet kuma ba ya faɗo maka da tsakar aiki. Kai za ka ce yanzu, ko ka bari sai dare lokacin da data ke arha, wanda duk mai sayen data da kuɗinsa ya san darajar wannan.

Akwai wani abin da mutane ba su cika sani ba game da direbobi. A Windows, al'adar ita ce kowane kamfani ya kawo nasa, idan ya gaji ya daina, na'urar ta zama shara ko da tana da rai. A Linux galibin direbobi suna cikin zuciyar manhajar ne, masu kula da ita suna tafiya da su daga fitowa zuwa fitowa. Shi ya sa tsohuwar na'ura ta fi sabuwa samun karɓuwa. Sabuwar laftof da ta fito watan jiya tana iya ba ka wahala da wayfai ko na'urar sauti, amma ThinkPad ko Latitude ko EliteBook mai shekara takwas, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, sau da yawa kana kunnawa komai ya tashi ba ka nemi direba ko ɗaya ba. Wato kayan da talaucinmu ya sa muke saya su ne Linux ya fi iya riƙewa. Firinta ma haka take, ta danganta da wadda ka saya. HP ya daɗe yana fitar da direbobinsa na Linux, sababbin firintoci masu shiga wayfai kuma da yawansu ba sa bukatar direba sam. Masu ba da ciwon kai su ne wasu ƙananan firintocin leza masu arha da aka ƙera su da dogaro kacokan a kan Windows. Na taɓa zama da irin wannan, kuma ban ga amfanin yin jayayya da ita ba, na sayar na sayi wadda ke yi. Dokar dai ɗaya ce ga mai Linux: ka bincika kafin ka biya. Abin sauƙin shi ne ana iya tayar da Linux daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, ka gwada wayfai da sauti da kyamara da firinta a nan cikin shagon, in bai yi ba ka zare filash ɗinka ka ƙara gaba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa Linux ba ya kamuwa. Bairos ɗin nan da ke mayar da fayilolin filash su zama shotkot ba ya tashi a kansa, gaskiya ne, domin don Windows aka rubuta shi. Amma a watan Maris na 2024 an gano wata ƙofar baya da wani ya shafe shekaru yana lallaɓawa har ya dasa a cikin wata 'yar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowane Linux ke amfani da ita. Saura ƙiris ta bazu ko'ina. Wanda ya gano ta, Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ne, ya lura ne kawai cewa shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Masu suka sun ce ga irinta nan, manhajar da 'yan sa-kai ke riƙe da ita. Ni kuma abin da na gani shi ne an iya bin diddigin ne saboda rubutun manhajar a buɗe yake ga kowa.

Kamfanonin ma ba inda suke a da suke ba. Dell yana sayar da laftof da Ubuntu a ciki tun tuni, Lenovo ya faɗaɗa nasa a 2020, Valve ya fitar da na'urar wasa ta Steam Deck a 2022 a kan Linux, ya kuma sa dubban wasannin Windows suna tafiya a kai. Chrome da Firefox da Zoom da VLC da Telegram duk suna da na Linux. Yawancin abin da ɗalibi ko malami ko ɗan jarida ke yi yau a cikin burauza yake. Wayar Android da ke aljihunka ma zuciyar Linux ce a cikinta, haka manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya tun 2017 dukkansu shi suke amfani da shi. Teburin ofis ne kawai ya gagara.

Giɓin da ya fi damuna ba na kamfani ba ne, na gida ne. Mai goyon bayanmu na gaskiya shi ne mai gyara na bakin kasuwa, kuma shi Windows ya iya. Ka kai masa laftof mai Linux ko da madannai ne suka lalace, abu na farko da zai ce shi ne, Alhaji wannan sai an yi fomatin an sa mata Windows. Ba laifinsa ba ne, abin da ubangidansa ya koya masa ke nan, shi ma abin da ya tarar ke nan. Idan ka koma intanet neman taimako, akwai shi jibge, amma da Turanci, kuma wani lokaci daga bakin mutanen da ke ganin tambayar sabon shiga raini ce. A nan 'yan'uwana masu Linux suna da nasu laifin. Mutum ya zo yana son ya buga takardar makaranta, sai a buɗe masa baƙin allon rubuta umarni, a fara yi masa lacca a kan bambancin nau'o'in Linux irin su Debian da Fedora da Arch, a nuna masa cewa wanda ya zaɓa na yara ne. Ya tashi ya koma inda ya fito, kuma ya gaya wa mutum goma cewa abin na masu gilashi ne. Ga misali ƙarami: Linux yana zuwa da tsarin madannai na Hausa a cikinsa, mai ɓ da ɗ da ƙ, har iri biyu, na Najeriya da na Gana, dannawa kaɗan ne a saituna. Windows ma yana da nasa. Amma je ka duba takardun da ake bugawa a shagunanmu ka ga nawa ne ke da ƙugiya. Abin yana nan, wanda zai nuna ne babu.

Sai kuma gwamnati, wadda a ganina ita ce ta fi kowa hannu a cikin wannan. Ba ina kira ne a wayi gari a sauya kwamfutocin sakatariya ba. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya shafe shekara goma kafin ya kammala da kwamfutoci kusan 15,000, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ma'aikata sun yi ta ƙorafin musayar takardu da sauran hukumomin da ke kan Office, siyasar birnin ta canja, wasu kuma ba su manta cewa Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus cikin Munich a 2016 ba. A gefe guda, jandarmomin Faransa sun bi abin a hankali, suka fara da sauya manhajar ofis da burauza, sannan suka ɗora nasu Ubuntu a kan dubun-dubatar kwamfutoci, kuma suna kai har yau. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta kwashe kwamfutoci kusan 30,000 zuwa Linux da LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta mai maye gurbin Microsoft Office. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux, ta horar da malamai a kai. Inda abin ya zauna, an fara da horar da mutane. Inda aka fara da umarni daga sama, ya yi tangal-tangal.

Mu ma mun taɓa shiga wannan labari. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin ɗora Linux ɗinsa a kan ƙananan kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 da za a raba wa makarantun Najeriya. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za a goge a sa Windows, har shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi da ta zagaya duniya. Abin lura a wurina shi ne manyan kamfanoni sun san darajar abin da yaro ya fara taɓawa a aji. Mu ne ba mu ɗauke shi komai ba. Darasin kwamfuta a yawancin makarantunmu darasin Microsoft Word ne da Excel, ana koya wa yaro inda maɓalli yake maimakon abin da maɓallin ke yi, ranar da aka matsar da maɓallin sai ya rikice.

Abin da nake nema daga hukuma kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. Idan aikin gwamnati ne da dole ɗan ƙasa ya yi, rajistar jarrabawa ce, ko ta hidimar ƙasa, ko biyan haraji, ko neman aiki, bai kamata a sharɗanta masa mallakar kayan wani kamfani guda ba. Duk lokacin da hukuma ta ba da kwangilar manhaja ta ce a kan Windows kaɗai za ta yi, alhali ta san mai shagon da zai yi aikin ba zai sayi lasisi ba, to da hannunta ta tura shi ga na jabu, kuma a kan wannan kwamfutar ce za a ɗauki hoton yatsun 'ya'yan mutane da lambobin shaidarsu. Layi ɗaya a takardar kwangila ya isa: manhajar ta yi aiki a burauza, ko a kawo ta Windows da ta Linux, na'urar da za a saya kuma ta kasance mai direba a duka biyun. Ɗan kwangilar da ke son kuɗin zai nemo. Haka kamfanoni suke jin magana, ta bakin mai sayen dubu goma a lokaci guda, ba ta bakin irina mai sayen ɗaya ba. Takardun da hukuma ke rabawa a cike su ma a fitar da su a tsarin da kowace manhaja ke buɗewa.

Jami'o'i da kwalejojin fasaha kuma, maimakon su zuba ɗakunan kwamfutarsu a sito saboda Windows 11 ya ƙi su, ko su ci gaba da tafiya a kan na jabu, ga dama ta samu. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da zai fita neman aikin kula da saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da bayanai, ko tsaron intanet, Linux za a tambaye shi a ranar farko. Ƙungiyoyin masu gyara na kasuwanni su ma da za su ware 'yan kwanaki su koya wa yaransu ɗora Mint da saita firinta a kai, da sun ƙara wata sana'a a kan wadda suke da ita, domin laftof ɗin da ofisoshin Turai ke fitarwa saboda sharaɗin TPM nan za su sauka, kwantena bayan kwantena, kuma wani ne zai yanke shawarar abin da za a ɗora musu kafin su isa hannun ɗalibi.